Ɗiyar Mai Rumbu

Inna Fatsima ba ta ɗanɗana acca. Na daɗe ina wanke-wanke a bayanta kafin na tabbatar da haka. Miya takan ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta ɗan yi shiru kamar mai sauraron wani abu, sannan ta ƙara gishiri ko ta rufe tukunya. Shinkafa takan tsinci ƙwaya ta tauna. Ko kunun gyaɗa sai ta kurɓa kafin ta sauke. Amma idan acca ta turaru, sai dai ta ɗebo kaɗan tsakanin yatsu ta murza, ta duba, ta goge hannun a gefen zane. Ban taɓa ganin ta kai baki ba. Kuma accar nan ita ce ke cika mana gidan abinci.

Gidan abincin na Malam Alasan ne, mutumin Maraɗi, a wani lungu da ke gangarowa daga tashar jirgin metro ta Belleville a Paris, tsakanin wani mai aski ɗan Tunisiya da shagon jakunkuna. Ni sunana Asma. Na zo daga Zariya a shekarar 2012 don karatun digiri na biyu, na je neman aikin kai abinci tebur. Malam Alasan ya ji muryata sau ɗaya ya ce, "Wannan kafin ta tambayi baƙo abin da zai ci, ya mutu da yunwa." Ya tura ni kicin, wajen Inna.

A ranar ta raɗa mini suna. Na tambaye ta ko in sa nama a firij, ta dube ni sama da ƙasa.

"Mi kinka ce?"

"Firij, Inna."

"Firigo dai. To, 'yar Ingilishi, sa shi cikin firij ɗinki."

A gidanmu acca abincin marasa lafiya ce. Kakana mai ciwon suga ake aiko wa daga Jos, mu yara kuwa da mun ji ƙamshin fatenta sai mu ce mun ƙoshi. Ban taɓa ganin ta ɗanya a buhu ba sai a Paris. Malam Alasan yana sayowa a wajen 'yan Mali, waɗanda ke ce mata fonio. Inna kuma intaya take cewa, ta ce haka ake kiran ta a wajensu, can ƙasar Tawa. Tsaba ce ƙanana ƙwarai, kusan girmansu ɗaya da yashin da ke zuwa a cikinsu, shi ya sa gyaranta ke da wuya.

Inna tana da ƙwarya biyu da ta zo da su daga gida, ɗaya ta taɓa tsagewa an ɗinke ta. Takan zuba acca da ruwa a ɗaya, ta karkata ta a kan ɗayar, ta riƙa kaɗawa a hankali. Tsabar tana malalowa da ruwan, yashi yana kwanciya a gindi. Ta zubar da yashin ta sake. Idan na ce ai ya fita, sai ta ce, "Haƙorin wani ba wurin gwaji ba ne," ta sake regewa. Da ta fara koya mini, rabin accar nake zubarwa a kwata. Ba ta faɗa, sai dai ta riƙe wuyan hannuna daga baya ta kaɗa tare da ni. Daga nan ta koya mini turara ta a madambaci, da yadda ake yayyafa mata ruwa a tsakani, da yadda ake cuɗa ta da zogale da ƙuli da albasa. 'Yan Mali da 'yan Gine sukan taso daga nesa don dambun nan. Ni ma da na ce ba na ci, na koma mai kankare gindin tukunya.

Labarinta a guntu-guntu na tsinta. Ta zo Faransa a 2001, ta biyo mijinta Hassoumi, wanda ke sauke kaya a babbar kasuwar Rungis. Sanyin ɗakunan ajiya ya kama masa ƙirji, ya rasu bayan 'yan shekaru. Ɗanta ɗaya, yana Yamai yana karatu. Tana zaune a wani ɗan ɗaki a Bobigny, a gefen Paris. Faransancinta na kasuwa ne da na kicin: sunayen kayan miya, sunayen tashoshi, da abin da ke rubuce a jikin gwangwanayen da take amfani da su. Cikin mako kullum tana sanye da tsohuwar rigar sanyi mai ruwan toka, ba wanda zai waiwaye ta a metro.

Sai wata Asabar ta ce in raka ta suna a Bobigny, ta ce zaman ɗaki da littafi zai mayar da ni bebiya. Na same ta a ƙofar gidan cikin farar shadda da ɗaurin kallabi mai tsayi, har na wuce ta ban gane ta ba. Muna shiga falon, wata dattijuwa mai ƙiba ta ɗaga hannu ta rangaɗa guɗa.

"Ɗiyar Mai Rumbu! A matsa, a matsa, ɗiyar Bukari Mai Rumbu ta iso!"

Mata suka matsa. Aka ba ta kujerar da ke kusa da mai jego, aka fara miƙa mata jaririn kafin kowa. Dattijuwar ita ce Hajiya Halimatou, 'yar ƙauyensu, matar wani ɗan kasuwa. Ta jawo ni ta zaunar kusa da ita.

"Ke 'yar Najeriya, kin san wa kike wanke wa tukunya? Shekarar yunwa, tamanin da huɗu, gari duk ya watse, gidan uban wagga kaɗai hayaƙi bai yanke ba. Wanda duk ya je ƙoharshi da ƙwarya ba shi komawa wofi. Ubana ma ya je, ban ɓoye ba. Kuma babban rumbunshi, wallahi, har sabon hatsi ya zo bakinshi a liƙe yake."

Inna ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsun jaririn. "Hajiya, kin cika magana."

"Ƙarya na yi?"

"Ban ce ba."

Na lura da yadda ta zauna a ranar, bayanta a miƙe, ba ta jingina ba har muka tashi. A hanyar komawa tasha tana ta ba ni labarin wace ce wace, tana dariya. Daga baya na raka ta wasu bukukuwan, ko'ina haka ake yi mata. Sunan nan shi ne abin da ta mallaka a Faransa.

Akwai mutum ɗaya da ke shiga kicin ɗin Inna ba sallama, ta buɗe tukunya ta ɗauki nama, ba a ce mata komai. Nadia ce, 'yar Malam Alasan, haihuwar Paris. Mahaifiyarta tana aikin jinya a gidan tsofaffi, ba ta cika zama ba, don haka tun Nadia tana firamare a wajen Inna take yini. Inna ce ta yi mata kitso, ita ta koya mata Hausa, ita ta raka ta sayen rigar mama ta farko. Nadia tana ce mata Tanti, ita kuma tana ce mata ɗiyata. Lokacin da na zo, Nadia tana makarantar koyon girki a Lyon, sai hutu take dawowa. Doguwa ce mai yawan dariya, tana magana da hannuwa, rabi Hausa rabi Faransanci. Ina son ta. Da wuya a ƙi Nadia.

Wani hutun bazara, da la'asar bayan masu cin rana sun watse, ta haɗa wani sabon abu: acca mai sanyi da mangwaro da lemun tsami da ganyen na'ana'a. Ta ɗebo a cokali ta nufi bakin Inna.

"Tanti, goûte. Ɗanɗana."

"Ki ba 'yar Ingilishi."

"Ta ci. Ke nake so. Buɗe baki, a-a-a."

Inna ta kau da kai. Nadia ta bi ta da cokalin har jikin firij, tana wasa, Inna tana turewa. Da abin ya yi yawa Inna ta buge hannun, cokalin ya faɗi. Nadia ta tsaya, fuskarta ta canza.

"Abincina ne ba ki so. Kin ɗauka na ɓata miki abinku da kayan Nasara. Ki faɗa kawai."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne! Papa ma haka yake kallo na."

Ta fara kuka na gaske. Inna ba ta iya jure kukan Nadia, wannan kowa ya sani. Ta jawo bokitin mai ta kife ta zauna, ta kama hannun yarinyar. Sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ke ma kashe pampon nan ki zo. Na san kin daɗe kina kallon hannuna."

Ta ce rumbun nan da ake magana ba komai a cikinsa. Tun tsakiyar rani hatsin ya kusa ƙarewa. Mahaifinta ya kwashe ragowar ya zuba a tukwane a ɗakinsa, ya sa aka liƙe bakin rumbu da laka kamar cike yake. Ragowar nan ta masu zuwa roƙo ce, ya ce ba za a zo ƙofar Bukari a koma haka ba. Su kuma mutanen gida, uwarta takan tashe su tun kafin kiran salla, su bi bayan gari su yi nisa inda ba za a gan su ba, su tona gidan tururuwa. Tururuwa tana tara tsabar ciyawa a ƙasa, 'yar uwar intaya. Su kwaso da ƙasa da komai, su ɓoye a zane, su dawo kafin gari ya waye.

"Ni ka regewa," in ji ta. "Ina da shekara goma sha biyar. Rabi tsaba rabi yashi, ruwa kuma ba shi da yawa. Akwai ƙanwata Umma, ba a daɗe da yaye ta ba. Cikinta bai ɗauka ba. Munka ce wa mutane ƙyanda ce."

Ta gyara riƙon hannun Nadia, ta ci gaba.

"Ubana ya mutu bai hwaɗa wa kowa ba. Uwata ta rantsar da mu. 'Yan uwana duk sun tahi, ni kaɗai na rage da maganar. To kin ji, ɗiyata. Abincinki ba shi da laihi. Bakina ne ba ya karɓa." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wagga magana ta mutu a nan."

Nadia ta rungume ta tana kuka. "Wallahi, Tanti. Promis. Wallahi tallahi."

Ni na gyaɗa kai. Inna ta miƙe ta ce a ɗauke cokalin nan daga ƙasa kafin wani ya zame.

Bayan shekara guda, a kakar 2014, Nadia ta gama makaranta, ta shiga gasar matasan masu girki a wani bajekolin abinci a Lyon. Da acca za ta shiga. Ta yi ta kiran Inna a waya tana tambayar ruwa nawa, wuta yaya. Inna ta rege mata buhu guda da hannunta, ta shanya a kan tebura ranar da ba a buɗe gidan abinci, aka aika mata. Har ƙwaryarta ɗinkakkiya ta ba da aro, don Nadia ta ce tana son ajiye ta a gaban teburinta mutane su gani. Malam Alasan, wanda da yake cewa girkin 'yarsa wasan yara ne, ya ɗauki hayar bas, ko kar kamar yadda suke cewa, ya gayyaci matan Bobigny. Hajiya Halimatou ta zo da 'yarta Nour. Tun daga Paris har Lyon ana raba soyayyen nama ana tsokanar direba. Inna tana kujerar gaba cikin farar shaddarta.

An kafa babbar rumfa a bakin kogi. Muka sami wuri a gefe, mu kaɗai ne masu kallabi, mutane suna ta kallon mu suna murmushi. Masu gasar suna hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya, alƙalai su ɗanɗana, mai gabatarwa ya miƙa musu makirfo ya tambaye su inda girkin ya samo asali. Wani saurayi ya ba da labarin gonar kakarsa a kan dutse, aka tafa masa sosai. Sai aka kira Nadia.

Da farko ta yi bayanin tsabar, inda ake noma ta, yadda ake regewa. Ta ɗaga ƙwaryar. Mutane sun fara hira da juna, wani alƙali yana duba wayarsa. Na ga ta dubi taron. Sannan ta ce akwai wata mace a nan wadda ta koya mata komai, kuma matar nan ba ta taɓa ɗanɗana abin da take dafawa ba, bari ta gaya musu dalili.

Alƙalin nan ya ajiye wayarsa. Nadia ta faɗi duka. Rumbun da aka liƙe, da tukwanen ɗakin uba, da fitar asuba. Ta iya ba da labari, kuma tana kuka tana yi. Ta faɗi yarinyar da aka ce ƙyanda ce. Sai ta miƙa hannu ta nuna inda muke.

Mutane suka juyo, suka fara tafi, wasu suka miƙe tsaye. Inna ta ga ana kallon ta ana tafi, ta yi murmushi ta ɗan ɗaga hannu, don ta ɗauka godiya ce ake yi mata. Amma akwai kalma ɗaya da ta ji tana maimaituwa, kuma ta san ta, don tana rubuce a jikin gwangwanin maganin ƙwarin da take fesawa a bayan firij. Ta matso kusa da kunnena, murmushin bai gama barin fuskarta ba.

"Fourmi. Tururuwa ta ce?"

"E, Inna."

"Da mi kuma?"

Wata ta riga ni amsawa. A bayanmu Nour tana fassara wa mahaifiyarta da sauran matan, da ƙarfi saboda tafin. Na ji Hajiya Halimatou ta ce, "Wane rumbu?" Can kuma ta ce, "Umma? Ƙaramar nan?" Sai ta yi salati a hankali. "Ashe hatsin da munka ci…" Ba ta ƙarasa ba.

Inna ta sauke hannunta. Wata Baturiya mai furfura ta zo ta kama hannun da hannu biyu tana magana idonta da hawaye. Inna ta bar mata hannun har ta gama.

Nadia ce ta zo ta biyu. Ta same mu a bayan rumfa, wajen da ake tara kwandunan shara, ta taho da gudu da furanni a hannu.

"Tanti! Kin ji tafin? C'est pour toi, duk naki ne!"

"Mi na ce miki a kicin?"

Nadia ta tsaya. "Ban faɗi sunan garinku ba. Ban ce Bukari ba."

"Kin nuna ni da yatsa. Hajiya na bayana."

"Amma Tanti, ba abin kunya ba ne! Babanki jarumi ne. Ke ma. Mutane suna kuka, kin gani ai. Girmama ki na yi."

"Wa ya aike ki?"

"Sun tambaye ni labari. Kowa ya ba da labari. Wanda ya riga ni na kakarsa ya bayar."

"To ki ba da na kakarki."

"Ke ce kakata. Ke ce uwata, ke ce komai."

"Da ni uwarki ce da kin ji tsoron bakina." Inna ba ta ɗaga murya ba. "Ubana ya shiga kabari da bakinshi ruhe. Uwata haka. Shekara talatin ina ɗauke da abin ga, ban ba mijina ba, ban ba ɗan da na haihwa ba. Ke na ba, don kina kuka a kan cokali. Kinka kai shi kasuwa don Nasara su buga miki hannu."

Malam Alasan ya iso yana haki, ya riga ya ji daga bakin matan. Ya cire hularsa ya mayar.

"Fatsima, don Allah. Yarinya ce. Haihuwar nan ce, ba ta san nauyin abin ba."

"Ni na koya mata Hausa, Malam. Ta san abin da ake nuhi in an ce magana ta mutu." Ta miƙa hannu wajen Nadia. Nadia ta miƙo furannin. "Ƙwaryata."

Nadia ta koma ciki ta ɗauko. Inna ta juya ta, ta duba ɗinkin, ta sa a jaka.

A hanyar komawa ba wanda ya tsokani direba. Hajiya Halimatou ta koma kujerar baya, fuskarta a jikin taga. Da aka tsaya salla a wani gidan mai, ta bi ta wata ƙofar don kada su haɗu. Inna tana zaune a gaba, jakar a kan cinyarta, tana kallon hanya.

Ranar Litinin ta riga ni zuwa aiki. Ta rege acca, ta turara, ta murza a yatsu ta goge a zane. Da rana Malam Alasan ya leƙo da waya a hannu, ya ce Nadia ce, ta kira ya fi a ƙirga. Na ɗauka Inna za ta ƙi karɓa. Ta goge hannu ta karɓa.

"Lahiya lau. Ina gajiya? Madalla. Ina aiki? To, Allah shi taimaka. A gaida mutanen Lyon."

Ana jin muryar Nadia tana ta magana daga ciki. Inna ta miƙa wa Malam Alasan wayarsa ta koma kan tukunya. Haka ta riƙa yi duk ranar da aka kira, gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa surukar maƙwabci. Ban ƙara jin ta ce ɗiyata ba.

Akwai suna a Bobigny Asabar ta biyu bayan dawowarmu, jikan wata ƙawarta. Ranar Juma'a na tambaye ta ko za ta je.

"Don mi ba ni zuwa? Sata na yi?"

Ta ce in zo in raka ta. Na same ta a ƙofa cikin shaddar nan, an goge ta har tana ƙyalli, kallabin ya fi na kullum tsayi. A cikin lif ta gyara wuyan rigarta a madubi. Muka yi sallama muka shiga.

Falon ya cika, ana hira ana dariya, sai hirar ta yanke. Hajiya Halimatou tana zaune a wurinta na kullum. Ta buɗe baki, na ga hannunta ya fara ɗagawa, sai ya koma kan gwiwarta. Ta yunƙura ta tashi da ƙyar, ta tako har inda muke, ta kama hannun Inna.

"Fatsima," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ina haƙuri? Allah shi jiƙan Umma. Ba mu sani ba, wallahi ba mu sani ba. Ki yahe wa ubana."

"Amin," in ji Inna. "Ba abin yahewa."

Sai sauran suka taso, ɗaya bayan ɗaya, kamar a gidan makoki. Ina haƙuri, Fatsima. Allah shi jiƙan ta. Allah shi sa mai ceto ce. Wata ta ce su ma a garinsu an tona, ba wani abu ba ne. Wata ta shafa mata baya. Ba wadda ta yi dariya, ba wadda ta yi habaici, kowa da alheri ta zo. Inna tana tsaye tana cewa amin, amin, har layin ya ƙare. Kujerar da ke kusa da mai jego tana nan ba kowa a kai, wata ta nuna mata ita tana cewa ta zauna ta huta, ta sha wahala.

Inna ta dubi kujerar. Ta leƙa fuskar jaririn a hannun uwarsa ta ce Allah shi raya. Sannan ta tambayi ina kicin yake.

Na bi ta. 'Yan mata ne a ciki suna shirin ɗora tukunya ta biyu, sun yage ledar shinkafa, irin ta kanti wadda ake zubawa kai tsaye. Inna ta naɗe hannun shaddarta har gwiwar hannu, ta ce su ba ta roba biyu. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Tanti, wannan ba ta da tsakuwa." Inna ta ce ta ji. Ta zuba shinkafar da ruwa, ta karkata robar, ta fara regewa.